Kakana ya ce ba shi ya tsallaka kogin ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ban iya bayani da baki ba sai a rubuce.

Ni ɗaliba ce, a Daura nake, kuma ina cikin masu gyara kundin ilimin nan na intanet wanda kowa zai iya rubutu a ciki. Aikina duba rubutun wasu ne, in gyara kuskure, in nemo madogara ga kowace magana, don dokar wurin ita ce duk abin da ba a buga shi a littafi ko jarida ba, ba ya zama. Watanni kaɗan da suka wuce na ci karo da shafin kakana, mahaifin Ummata, wanda muke ce wa Baba Soja. Jami'in leƙen asiri ne na soja a lokacin yaƙin basasa, yana nan da ransa, amma idanunsa sun tafi. Shafin layi bakwai ne kacal, babu madogara ko ɗaya, har an liƙa masa gargaɗin za a goge. Ba a son mutum ya taɓa shafin ɗan'uwansa, na sani, amma na yi shiru na kama aikin.

Na je wurin Kawu, babban ɗansa, ya ji daɗi ƙwarai, ya ba ni akwatin ƙarfen da takardun Baba suke ciki, da wani ɗan littafi da shi Kawun ya sa aka buga shekarun baya, da guntuwar jaridar da ta yi sharhi a kansa. Sati shida na yi ina aiki. Na daidaita muƙamansa ɗaya bayan ɗaya, na gano an rubuta sunan bataliyarsu ba daidai ba na gyara, na cire kirarin da aka cusa. Sakin layin da na fi ɓata wa lokaci shi ne wanda duk gidanmu muka tashi da shi, yadda Baba ya yi shigar mai fataucin shanu, ya tsallaka kogi zuwa ɓangaren abokan gaba, ya kwana uku a kasuwarsu, ya dawo da labarin kwanton ɓaunar da aka shirya a bakin gada, sojoji da yawa suka tsira, aka ba shi lambar yabo. Na sa masa madogara biyu, littafin da jaridar. Sauran editoci suka duba suka yaba, aka sa shafin cikin masu inganci.

Ranar wata Juma'a da hantsi na je in karanta masa. Da ya ji muryata ya ce, "Amarya, yau an tuna da tsohon miji ke nan? Ko kin samu mai ido kin yar da makaho?" Na ce masa ai mai ido bai da shafi a intanet. Na fara karantowa daga wayata yana gyaɗa kai, har na iso maganar kogi, sai ya ɗaga hannu. Ya ce in kashe wayar, in kai ta bakin ƙofa in sa cikin takalmina, in dawo. Na ɗauka wasa ne, na ga fuskarsa babu wasa.

Ya ce ba shi ya tsallaka ba. Ya ce shi aka umarta, amma da ya tsaya bakin ruwan ya kasa shiga, sai ya tura wani kofur da ke ƙarƙashinsa, mutumin Baure, wanda ya taɓa kai shanu kudu yana jin yarensu. Zan kira shi Kofur Idi, ba sunansa ke nan ba. Shi ya je, shi ya kwana uku, shi ya dawo da labarin. Baba ya rubuta rahoto ya sa hannu kamar yadda aka saba, lambar yabo ta zo da sunansa, ya karɓa. Ya ce lokacin da Kawu ya buga littafin ya yi shiru ne don yana ganin takarda ce, gara za ta cinye ta, amma wannan abin naku an ce ba ya gogewa. Kalmomin da ya faɗa daga nan ba zan manta ba: "Ke kika ɗaure ta tamau, ke za ki kwance. Ki sa sunan Idi. Amma amana ce, kada 'ya'yana su ji daga bakina ta fito." Na roƙe shi ya bar ni in naɗi muryarsa, ko in rubuta ya dangwala yatsa, ya yi dariya ya ce shekara nawa ya yi yana ƙona takardu, ba zai fara barin shaida da tsufansa ba.

Na koma na cire sakin layin. Kafin la'asar wani edita ya maido shi, ya rubuta cewa an cire magana mai madogara ba tare da dalili ba. Na sa sunan Kofur Idi, aka cire, aka ce in kawo inda aka buga. Ba su yi laifi ba, da ni ce a wurinsu haka zan yi, na sha yi wa wasu. In na ce daga bakin mai labarin na ji, ba hujja ba ce a wurinsu, kuma na tona cewa jikarsa ce ni, za su iya hana ni taɓa shafin gaba ɗaya. Na sake bin akwatin takarda bayan takarda, sunan kofur ɗin sau ɗaya ya fito, a jerin waɗanda aka raba wa bargo.

Na hau mota na je Baure ban gaya wa kowa ba. Ashe Kofur Idi ya daɗe da rasuwa. Na sami 'yarsa, dattijuwa, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ce abin da ta sani kawai ya dawo daga yaƙi da tari, ba ya son a yi masa maganar soja, ko hotonsa ba su da shi. Ta tambaye ni ko wani abu ya yi, na ce a'a, bincike nake na makaranta. Ta cika min leda da gyaɗa. Tun daga Baure har Daura ledar na kan cinyata na kasa ci.

Kawu kuma ya ga an taɓa shafin, don kullum sai ya buɗe ya nuna wa abokansa. Ya kira Umma ya yi faɗa, wai ya ba ni amanar takardun mahaifinsu na je ina liƙa sunan wani bare, in dai boko ne ya fara taɓa min kai a gaya masa. Umma ba ta yi min faɗa ba, ta ce dai in tuna a gidan nan Kawu ne uba tun rasuwar mahaifina, in je in ba shi haƙuri. Na je na durƙusa na bayar, na ce kuskure ne, ya haƙura. Don ya nuna ya huce, sai ya ce a taron zumuncin da muke yi bayan Sallah ni zan tsaya in karanta shafin gaban dangi, Baba yana zaune, a ɗauka a bidiyo.

Saura sati uku. Duk ranar da na shiga gaida Baba ba ya ƙara ce min amarya, sai dai ya ce, "An gyara?" in ce ana kai. Jikinsa kullum ƙara baya yake.

In na faɗa wa Kawu gaskiya na ci amanar Baba, kuma ba lallai ya yarda ba, zai ce tsufa ne. In na yi shiru na tsaya na karanta, zan karanta ƙarya a kunnen mutumin da ya roƙe ni in cire ta, ƙaryar da ni na nemo wa madogara. Na yi tunanin in ce wa Baba an gyara, tunda ba ya gani, amma ranar taron zai ji da kunnensa.

Malamai da manya na wannan zaure, amanar da ya ba ni kashi biyu ce, in gyara kuma in rufa masa asiri, na kasa haɗa su. Wacce zan saki? Kuma ranar taron, in na iso wurin kogin, me zan karanta?