Kwalabe Uku daga Randar Tasalla

Daga: Malama Helen Bakoji,
Ta hannun Shugaban Makarantar Firamare,
Saminaka, Birnin Gwari.

Zuwa ga: Babban Jami'i Mai Kula da Tsabtar Ruwa,
Jihar Arewa ta Tsakiya,
Kaduna.

16 ga Afrilu, 1973.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Takardun gwajin ruwa na Kamfanin Katako na Maɗaci, da tsare mahaifina Bakoji da aka yi a kansu

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin kawo kukana gabanka. Ni ce 'yar fari ga Bakoji, Sarkin Ruwan Rafin Ɗinya, wani ɗan ƙauye a bakin daji cikin ƙasar Tabanni. Kusan mako uku ke nan mahaifina yana gidan waƙafi a Birnin Gwari bisa zargin zuba dafi a rafi. Alƙali ya sa ranar Litinin, 7 ga Mayu, domin yanke hukunci, kuma shaidar da ke wuyansa ɗaya ce tak: takardun gwajin ruwa da kamfanin nan ke aiko wa ofishinka duk wata. Ina so in sanar da kai irin ruwan da aka gwada kafin a rubuta su. Zan yi ƙoƙari in riƙe harshena. Idan ya kuɓuce a wani wuri, ina roƙon gafara tun yanzu.

1. Kamfanin ya kafa sansaninsa sama da ƙauyenmu a watan Janairu, 1971. Aikinsa yankan itace a daji da jiƙa turakun waya cikin wani koren maganin gara. Ruwan da aka gama jiƙon da shi yana bin wata magudana ya faɗa Rafin Ɗinya. Kamar yadda akawun kamfanin ya karanta da bakinsa a kotu, sharaɗin lasisinsu shi ne su riƙe ɗakin gwajin ruwa, kuma duk wata su ɗebi ruwa a wuri uku: sama da magudana, da bakinta, da mashayar dabbobi. A rubuta rana da wuri da sunan wanda ya ɗebo, ɗan gari ya shaida, a adana kwafi, a aiko maka da ɗaya. Sharaɗi ne mai kyau, ban da abin cewa a kansa.

2. Tun damina ta farko bayan zuwansu rafin ya canja. Da rani idan ruwa ya ja, tafkunan da suka rage sukan yi kore shar, da wani kumfa a gefe, da wari mai kama maƙogwaro. Kifi ya taso ciki sama, kwaɗi suka yi shiru, matan da suka yi wanki a ciki hannuwansu suka saɓule. Mahaifina da kansa ya hana su da sha a rafin, ya kai kuka wurin dagaci, dagaci ya kai gaba, amsar da ta dawo ita ce an gwada ruwan kuma lafiyarsa lau. Mutanenmu suka ce ruwa ba ya tsami banza, suka koma ɗiba a wani idon ruwa da ke gindin dutse, tafiya mai nisa ta cikin daji. Mata ne ke yin ta, da tulu a kafaɗa kamar yadda matanmu ke ɗaukar kaya.

3. Ranar Litinin, 12 ga Maris, wani makiyayi mai suna Jaji, wanda farin bana ya koro daga arewa, ya shayar da garkensa a mashayar. Baƙo ne, bai san rafin ba. Kafin la'asar shanunsa suka fara faɗuwa suna kumfar baki, mafi yawansu ba su tashi ba. Ba ni da ƙorafi a kan Jaji, mutum ne da dukiyarsa ta ƙare a gaban idonsa. Ya kai ƙara, aka nemi kamfani, kamfani ya zo kotu ranar 27 ga Maris da takardunsa a ɗaure da jan zare, kowane wata an rubuta "ruwa mai kyau, babu dafi". Alƙali ya ce tunda ruwan kamfani ya fita daga zargi, sai a tuhumi mai riƙe da rafin. Aka ce wai mahaifina ya zuba magimfa, ganyen nan da wasu masunta kan daka su watsa a ruwa don kifi ya bugu. Ranka ya daɗe, wannan dattijo shi ne ya hana magimfa a rafin tun ban san kaina ba, kuma ban taɓa jin inda magimfa ta kayar da saniya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

4. Ga abin da na gani da idona. Ranar Talata, 3 ga Afrilu, ina gida bisa izinin shugaban makarantarmu saboda wannan shari'a. Da hantsi sai ga Malam Mainasara, ma'aikacin ɗakin gwajin da aka ɗora wa ɗibar ruwa, a kan babur, da farin takalmi. Gidanmu ne na ƙarshe kafin gangaren rafi. Ya jingine babur a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya yi sallama, ya zauna a tabarmar mutumin da takardunsa suka kulle, ya zaro kwalabe uku ya miƙa wa mahaifiyata Tasalla ya ce a ciko masa kamar kullum. Ko jajen maigidan bai yi mata ba. Na zuba ido in ga ta nufi rafi. Sai na ga ta shiga ɗaki, ta ɗauraye kwalaben, ta buɗe babbar randarta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a bakin kowace kwalba ta tace ruwan a ciki. Ta kawo masa, ta haɗa da fura. Ya sha, ya yi gyatsa, ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta wa kwalba ta farko "sama", ta biyu "bakin magudana", ta uku "mashaya".

Na tambaye shi ko haka ake yi. Ya ce ai gangaren akwai taɓo, kuma warin wurin yana sa masa ciwon kai. Ina roƙon ka lura da wannan amsa. Mutumin ya san wurin yana wari, hancinsa ya gaya masa gaskiya duk wata, hannunsa ya rubuta wani abu dabam.

5. Bayan ya tafi na tambayi mahaifiyata tun yaushe take yin haka. Ta ce tun zuwansa na farko. Da na ce don me ba ta ɗebo na rafi ba, ta dube ni kamar na zage ta. Ga maganarta kamar yadda ta faɗa: "Ke Helen, baƙon hukuma ya miƙo kwalba a ƙofar gidana, in cika masa da ruwan da ko karena ba na ba shi? Manya ne za su sha a Kaduna. Me za a ce da gidan Sarkin Ruwa?"

A wurinmu, ranka ya daɗe, baƙo ba ya neman ruwa a ba shi na wanki. Na cikin randa ake ba shi, ko da shi ne na ƙarshe a gidan. Babu wanda ya taɓa yi mata bayanin abin da ake nufi da gwaji. Ita a ganinta ana kai wa manya ɗanɗanon ruwan garinmu ne, don haka duk ranar da ta san zai zo, takan yi sammako zuwa gindin dutse, har saiwar jema take jefawa a randar don ƙamshi. Fiye da shekara biyu ɗakin gwaji yana karɓar ruwan magudana mai ƙamshin jema, kuma babu wanda abin ya ɗaure wa kai. A wurin shaidar ɗan gari kuwa, yatsan mahaifina ne a dangwale. Bai iya karatun boko ba, Mainasara ya gaya masa wai shaida ce ta cewa ya iso garin lafiya. Da wannan yatsa akawu ya nuna wa alƙali cewa Sarkin Ruwa da kansa ya yarda ruwan kamfani ba shi da laifi.

6. Ranar Talata, 10 ga Afrilu, na je ɗakin gwajin da kaina don in sanar da shugabansa, Malam Nababa, domin na ɗauka kuskure ne da za a gyara da an ji. Zan faɗi abin da na tarar ba tare da ƙari ba. Kwalabe a jibge a ƙasa, na watan jiya da na bara a haɗe, wasu babu rubutu a jikinsu. Kaza tana kwanci a cikin kwalin kayan aiki. Magungunan gwajin da ke kan kanta sun bushe sun kama gindin kwalabensu, ƙura ta rufe murfin yadda ko yaro ya san an daɗe ba a buɗe ba. Na nemi ganin kwafin takardun 1971, aka nuna mini wani akwati. Gara ta cinye rabinsu. Kamfanin da sana'arsa ke nan kashe gara, gara ta ci takardunsa a cikin ofishinsa. Sauran kuma na ga ɗaya a hannun masinja, an ƙunshe masa ƙosai a ciki.

Na yi wa Malam Nababa bayanin randa daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har da dukan tebur, ya kira akawu ya ce ya zo ya ji labari. Da ya gama ya ce takarda ba ta ƙarya, abin da aka rubuta aka buga wa hatimi ya zauna, shi ba zai tayar da fayil ɗin shekara biyu saboda tsohuwar ƙauye ba. Ya ƙara da cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, wato idan na matsa, uwata ce za a kama da laifin ɓata aikin hukuma. Ranka ya daɗe, na yi shekara shida ina koya wa yara cewa rubutu amana ne. Ban taɓa jin ƙyamar biro da takarda ba sai a ɗakin nan. Da na fito sai da na tsaya bayan ginin na tofar da yawu, kuma ban ji kunyar yin haka ba.

7. Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon waɗannan abubuwa. Na farko, kuma shi ne ya hana ni barci, ka rubuta wa alƙalin Birnin Gwari kafin 7 ga Mayu cewa a dakatar da hukunci, domin takardun da aka dogara da su ba ruwan rafi suka gwada ba. Mahaifina ya haura saba'in, ƙafafunsa sun kumbura a waƙafi, ba na jin zai ga ƙarshen ɗauri idan aka yanke masa. Na biyu, a aiko wanda ba ya cin albashin kamfani ya ɗebi ruwa a wuraren nan uku a gaban dagaci, kafin ruwan sama ya sauka ya wanke shaida. Na uku, a bincika ɗakin gwajin da takardunsa, a toshe magudanar har sai an san abin da ke cikinta. Na huɗu, a bi wa Jaji hakkinsa a wurin waɗanda suka kashe masa shanu.

Tare da wannan takarda na aiko da kwalba ɗaya ta hannun direban motar kasuwa. Ni na ɗebo ruwan da hannuna a mashaya ranar Asabar da ta wuce, a gaban dagaci da Jaji, wanda da ya ji labarin randa ya ce shi ma zai shaida. Na rubuta rana da wuri da sunayenmu a jikinta. Mahaifiyata ta sa na ƙara da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya sha.

Tun ranar da ta gane abin da ya faru ba ta cin abincin kirki. Tambaya ɗaya take maimaita mini, wai ashe ruwan da ya kulle mijinta a kafaɗarta ta ɗauko shi. Na gaya mata ba laifinta ba ne, ta ce sai ta ji daga bakin hukuma, tunda hukuma ce ta aiko da kwalaben.

Gani ya kori ji, ranka ya daɗe. Idan Allah ya sa ka zo da kanka, za ka ga tsamiya a ƙofar gida na ƙarshe, kuma za a shimfiɗa maka tabarma a kawo maka ruwa. Na san uwata, duk da abin da ya same ta, na randa za ta kawo maka, tatacce, mai sanyi. Ka sha, wannan naka ne na baƙunta. Amma kwalbarka kada ka miƙa wa kowa. Ka cire takalmi ka gangara.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Helen Bakoji
'Yar Sarkin Ruwan Rafin Ɗinya