Sabulun da Ba Ya Ƙamshi

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Baba? Ki ce masa ya daina ɓoye maganin a ƙarƙashin katifa.

Kin tambayi sana'a. Sabulu na tafiya, har wani otal ya fara saye. Kin tuna lokacin da na ajiye digiri na hau dafa mai a kicin ɗinki, ina kai miki kowane haɗi hanci kamar na haifi ɗa? To, hancin nawa ya mutu. Likita ya ce yawan shaƙar soda da turare ne, wai ƙila ya dawo.

Ban gaya wa ma'aikata ba. Ƙa'idarmu, ba a naɗe sabulu sai na shinshina. Sukan tsaya suna kallo, in ɗaga guda, in lumshe ido, in gyaɗa kai. Har yanzu ina yi, kuma na fi iya lumshe idon fiye da da.

An gayyace ni in yi wa ɗalibai jawabi kan son sana'a. Na je. Sun tafa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki, na gode da addu'a.

Asiri ya tonu. Mai haɗinmu ta manta ba ta zuba turare ba, na shinshina, na gyaɗa kai. Duk ma'aikatan sun ji babu ƙamshi, amma tunda uwar ɗaki ta yaba, kowa ya ɗauka nasa hancin ne da mura. Otal ya dawo da kayan, ya ce kada mu ƙara.

Na tara su na faɗi gaskiya. Mai haɗi ta yi ta kuka. Na jira nawa ya zo, bai zo ba, sai na miƙa mata hankici.

Kin ce in rufe in dawo gida tunda abin ya fita raina. Yaya, so ne ya buɗe wurin nan, amma ya daɗe da ajiye mini makulli ya yi gaba. Ni dai gari na wayewa sai in ga ƙafafuna sun kai ni bakin ƙofa, mutane na jiran in buɗe. Ba zan rufe ba. Kada ki tambaye ni dalili, na duba ban samu ba.

Gobe za a yanka sabon haɗi. Mai haɗin ce za ta shinshina, ni zan riƙe mata tire.

A gaida Baba.

Taki,
Auta