Mutanen Bencin Ofis

New Bell, Douala
Litinin

Zuwa ga Maman Hawwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Hawwa. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya, da kewarku da ta fi shi naci.

Kin ce in daina ɓoye miki damuwa, to ga ta. Kwana huɗu ke nan intanet ɗin ofis yana wasa da hankalinmu. Kwamfutar Fauziya sakatariya ta ƙi shiga da safe, da rana ta shiga, sai ta maigidanmu Alhaji Bukar ta fita. Takardun kwastan duk ta intanet muke turawa, ga kwantena biyu zaune a tashar jirgin ruwa. In Alhaji ya shigo ni yake kallo, tunda ni ne mai kwamfuta. Na canja wayoyi, na kashe rauta na kunna har maɓallin ya san yatsana. Rauta shi ne akwatin nan mai ƙaho biyu. Shi ke ba kowace na'ura lambarta, wato adireshi, kamar yadda mai masauki ke ba baƙo ɗaki. Wadda ba ta samu ba, a waje za ta tsaya.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kin tuna Malam Awalu, telan layin baya? Wata uku da suka wuce ya roƙe ni lambar sirrin Wi-Fi don ya riƙa ganin fuskar 'yarsa da ke aure a Libreville. Kunya ta hana ni cewa a'a. Kin san unguwarmu, wanda ka ba shi ma yana da wanda ba zai iya hanawa ba. Yanzu bayan La'asar bencin ƙofar ofis cika yake: masu goro, 'yan benskin masu haya da babur, har da Hajjo mai ƙosai, kowa na kiran nasa a Arewa. In sun gama sai in dafa shayi, a ɓarke da hira, su yi ta tsokanata da gwauro mai mata.

Latifa, wata bakwai ke nan da tafiyarki Garwa jinya. A bencin nan kaɗai ake kiran sunana ba don wani abu ya lalace ba. Tsoro nake in buɗe cikin rautan in tarar su ne.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan Hawwa.

Mijinki,
Zaharaddeen

Laraba

Maman Hawwa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, Inna kuma ta samu barci.

Na buɗe, kuma su ɗin ne. Ashe wanda ya kafa rautan tun farko adireshi talatin kacal ya ware masa, kuma duk wayar da ta karɓi ɗaya sai ta riƙe shi kwana bakwai, ko da mai ita ya tafi can unguwar Yassa. Kwamfutocinmu kan zo su tarar an cinye. Na faɗaɗa zuwa ɗari biyu, na rage wa'adin zuwa awa biyu, na ba firinta nata na dindindin. Nan take komai ya miƙe. Fauziya saura kaɗan ta yi guɗa.

Da na yi shiru da bakina da shi ke nan. Amma Alhaji na tsaye a bayana lokacin da jerin na'urorin da ke kan rautan ya fito bayan gyaran, kuma mutumin nan ba ya wuce lissafi. Na'ura arba'in da ɗaya ya ƙirga, alhali na ofis bakwai ne. Na so in ce ɓarayin intanet ne, harshena ya ƙi. Na faɗa masa ni na ba da lambar sirrin.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi takardun mutane amana ne a hannunmu, in canja lambar sirrin kafin Juma'a ta wuce. Na duba ko rautan na da ƙofar baƙi daban, tsoho ne, babu. Na kawo maganar sabo, ya ce ofis ne nan, ba tasha ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yana da gaskiya.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Zaharaddeen

Talata

Latifa,

Assalamu alaikum. Yaya ku, yaya mai jiki? Saƙonki ya iso, na karanta ya fi sau biyar.

Na canja lambar bayan sallar Juma'a, na fita na gaya musu da bakina. Babu wanda ya ɓata rai. Ba komai, ba komai, haka kowa ya ce, Hajjo har da ƙara mini ƙosai. Ranar Asabar mutum huɗu suka zo. Jiya babu kowa. An ce wani kantin magani a unguwar Kassalafam bai rufe intanet ɗinsa ba, can suka koma. Ban ga laifinsu ba, kowa da wanda yake kewa.

Ɗazu bayan La'asar na hango Malam Awalu tafe. Wallahi da gudu na ɗora ruwan shayi. Ashe butarsa da tabarmarsa ya zo ɗauka, waɗanda yake ajiyewa a ƙarƙashin benci. Ya gaishe ni da kyau, ya yi wa Inna addu'a, ya ce yana sauri kada 'yar ta jira shi. Ruwan ya tafasa bayan ya sha kwana. Na zauna na sha kofi uku ni kaɗai.

Intanet kuwa yanzu ko tari ba ya yi. Alhaji ya yabe ni gaban kowa.

Latifa, ki tambayi likita ko Inna za ta iya tafiyar mota zuwa Ngaoundéré, daga can a hau jirgin ƙasa. Akwai asibiti a nan ma, ɗakin kuma zai ishe mu. In ya ce ba za ta iya ba, kada ki ce in ƙara haƙuri. Ki faɗa mini kawai, ni zan hawo.

Ina gaida kowa da kowa.

Mijinki mai kewarki,
Zaharaddeen