Gishirin Kaka Arvid

Zuwa ga Kaka Marlys,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ni ce Tessa, jikar yayanki Arvid. Na san ba kya jin magana a waya, kuma a gidanmu babu mai saurarata.

Tun rasuwar matarsa likita ya ɗora Kaka Arvid a kan maganin ciwon damuwa. Ya koma cin abinci, amma sai jiri da bushewar baki. Mama kullum tana ɗura masa ruwa, ta kuma ɓoye gishiri wai don lafiyarsa. Jiya ya kira ni da sunan marigayiyar, ya daki shinge da motarsa. Baba ya ƙwace makullin, ya ce gigin tsufa ne, yana nema masa ɗaki a gidan tsofaffi. Kaka ya ce, "Gara a kai ni maƙabarta, can na fi yawan abokai." Yanzu yana son zubar da ƙwayoyin. Na gaji. Me zan yi?

Jikarki,
Tessa

Tessa,

Na gaishe ki. Gidanku duk likitoci ne, ban da mai hankali. Shekara talatin ina aikin jinya a garin Duluth, na sha ganin haka. Irin wannan maganin kan rage gishirin jinin tsoho, ga uwarki tana ƙara wanke shi da ruwa. Kada ya yanke magani kai tsaye. A kai shi gwajin jini, a faɗa wa likita komai, har batun shingen. Ki ce wa Arvid da taurin kai na san shi, ban san shi da ruɗewa ba. Ubanki kuwa, ni na yi masa wankan jarirai, ya karanta wannan.

Marlys

Kaka Marlys,

Ina gaisuwa. Baba ya karanta, kunnuwansa suka yi ja. Gwaji ya nuna abin da kika zata, likita ya sauya maganin a hankali. Sabon yana sa shi barci da ci. Ya cinye kek ɗin da Mama ta yi wa coci, ya ce kare ne ya ci. Ba mu da kare. Amma ya san sunana, kuma an daina zancen gidan tsofaffi.

Ashe a gwangwani ɗaya aka ɓoye gishirin da makullin. Kaka ya gano su. Ya zo tebur ya ajiye makullin gaban Baba, ya ce, "Riƙe, yaro, sai jirin ya sake ni." Gishirin kuwa yana aljihun Kaka, ko likita bai karɓe ba.

In ba zan dame ki ba, ko zan iya sake rubuto miki?

Jikarki,
Tessa