Abin da Ya Rage na Muryar Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya maigidan da 'yan rigimarki? Ni lafiya lau, shagon gyaran wayar da nake wa aiki na tafiya. Tarin da kika ji rannan ba komai ba ne, ɗakin ne bai san rana ba. Kar ki kai wa Inna.

Wani sabon abu ya shigo. A ba na'ura maganar mutum, sai ta koyi muryarsa, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Wata tsohuwa ta kawo muryar marigayi mijinta, na haɗa mata, ta zauna a benci tana kuka. Ni da nake sayar wa makaho madubi, ranar bakina ya mutu.

Na tattaro saƙonnin muryar Baba, Allah ya jiƙansa. Kin san shi, yakan saki madannin ɗaukar murya kafin ya fara magana. Duk abin da ke ciki shi ne: "Ya kama? Ke Auta, zo ki duba." Sai ya yanke. Na'urar ta ce bai isa ba. Mai shagon ya ce in cika da muryata. Na gwada, sai na ji kaina ina yi wa kaina nasiha. Na goge.

Don Allah kar Babban Yaya ya sayar da tsohuwar wayar Baba. Ki bincika ko akwai inda ya yi doguwar magana. Muryarsa ta fara ɓace min. Ko faɗa yake yi min, ki turo.

Allah ya raya yara.

Yayanki,
Mai Baki