Ragowar Tuwon Zalika

Lahadi, 6 Oktoba 1991, Ƙonni
Abarshi mai gidan bidiyo, maƙwabcinmu, ya roƙe ni in yi wa 'yan kallon la'asar fassara. Tsohon fim ne da Faransanci: wani ya auri mace mai ɗiya, yana ta lallashinsu, ashe shi ya kashe iyalinsa na farko. Na yi yadda aka koya mana a lakwal, wato makarantar jarida a Yamai, ban ƙara ba, ban rage ba. Inda ya ɓoye wuƙa yana kiran yarinyar, na ce, "Zo nan, ɗiyata." An tafa mini.

Talata, 8 Oktoba
Kwana biyu Zalika ba ta taɓa ragowar tuwona ba. Shekara huɗu da na auri uwarta, kullum ita ke suɗe kwanona. Matata Balki ta ce turmi yarinyar ta taka, ta leƙa ta katanga, ta kalli fim ɗin har ƙarshe. Fuska ta Bature, murya tawa.

Juma'a, 11 Oktoba
Na zaunar da ita na yi mata bayani: wasa ne, jinin ma fenti ne. Ta ce, "Baba, shi ma haka yake magana a hankali."

Laraba, 16 Oktoba
Na bar fassara. Abarshi ya ce, "Haba Malam, ba wanda ya kai ka iya makashin nan." A ganinsa yabo ne.

Lahadi, 20 Oktoba
Goggo, ƙanwar marigayi uban Zalika, ta zo daga Dogarawa. Tun bara take neman riƙon yarinyar, ina hanawa. Ta ce, "Malam Hashimu, ba mu ce ka yi komai ba. Amma yarinya ta rame, a tambaye ta." Aka tambaye ta. Kanta a ƙasa: "Zan bi Goggo."
Balki ta dube ni in yi magana. Duk abin da zan faɗa, da muryar nan zan faɗe shi. Ban hana ba.

Litinin, 21 Oktoba
Sun tafi a motar safe. Na rage tuwo, kaji suka ci.

Alhamis, 7 Nuwamba
Na ce wa Abarshi zan zo fassara ranar Lahadi.
Sai da na wanke hannu na lura na cinye tuwon duka, har na suɗe kwanon. Balki ta ɗauka, ta duba ciki. Yunwa ce kawai, ina jin.