Fenti biyu a bangon ɗakinmu

Gwandu, daren Laraba

Yau Yaya Bello ya zo daga Kalgo da ragowar fenti iri biyu daga wurin aikinsa, zai shafe ɗakin da muke kwana ni da Kaka. Ya gwada su a bango, kowanne faɗin tabarma. Ɗaya fari ne mai taushi kamar kindirmo, ɗaya ja mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu.

Kowa jan ya so. Inna ta ce ba ya nuna dauɗa. Baba ya ce, "To, ja ɗin za a yi." Ni ma ya burge ni da rana.

Bayan isha'i na zauna ɗinkin hula, na ajiye fitila a gindin jan. Bangon ya shanye hasken, ko kafar allura ban gani ba. Da na matsar da fitilar wajen farin, ɗakin ya washe. Kaka, da idonta ya yi rauni, ta ce, "Hauwa'u, wuta aka kawo? Ga butata can ina hange." Butar da take yawan tuntuɓe da ita cikin dare.

Ban taɓa musa wa Baba magana ba. Na durƙusa a bakin ƙofarsa, na ce ko zai zo ya duba. Sai da ya ce, "Mi kika ce?" na maimaita. Ya zo, ya matsar da fitilar da kansa, ya daɗe yana kallo.

"Ashe kina da baki," in ji shi. "A gaya wa Bello, fari."

Kaka ta yi ta yi mini dariya, wai muryata kamar ta ɗan tsako. Ɗazu ta tashi ta fita alwala, ba ta kira ni ba.